Kyarkecin Habasha da Karen Makiyayi

A kan tsaunukan Bale da ke kudu maso gabashin ƙasar Habasha, inda tudu ya haura mita 3,000 kuma raɓa ke daskarewa a kan ciyawa kafin gari ya waye, akwai wani jan kyarkeci mai siririn baki da dogayen ƙafafu wanda ba a samunsa a wata ƙasa a duniya. Manyan da suka rage ba su kai 500 ba, fiye da rabinsu a Bale suke, sauran kuwa sun warwatsu a tsaunukan arewa irin su Simiyan da Menz. Na ɗauko labarinsa ne domin 'yan'uwana masu kiwo, saboda abin da ya fi yi masa ɓarna, wato ciwon haukan kare, shi ne muke fama da shi a rugage da ƙauyukanmu.

Duk makiyayin da ya ji sunan kyarkeci, garkensa ne zai fara faɗo masa a rai, kuma ba a ga laifinsa ba. Amma wannan dabba akasarin abincinta ɓeraye ne, musamman wani ƙaton ɓera mai babban kai da ke zaune a rami. Da rana yakan fita farauta shi kaɗai, ya tsaya cik kusa da bakin rami yana kasa kunne, da zarar ɓeran ya leƙo sai ya daka tsalle ya cafke shi. Sau da yawa ma yakan ratsa tsakanin shanun Oromawa, makiyayan yankin, suna kiwo, ya fake da jikinsu har ya kusanci abin farautarsa, shanun kuma ko ɗaga kai ba sa yi. A arewacin ƙasar, inda gonaki suka hau tudu kuma ɓeraye suka ragu, yakan ɗauki ɗan tunkiya idan ya tarar babu mai tsaro. Wannan asara ce ta gaske ga talaka, kuma maganinta shi ne kada a saki ƙananan dabbobi ba tare da mai kula ba, a kuma killace su kafin magariba.

Ta fuskar doka, an daɗe da ba shi kariya. An keɓe gandun dajin Bale tun 1970, dokar kare namun daji ta 1974 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara biyu ga wanda ya kashe shi, sannan a 2023 hukumar UNESCO ta sanya gandun cikin wuraren tarihi na duniya. Duk da haka, lokacin da gwamnatin soja ta faɗi a 1991 bindigogi suka bazu a hannun jama'a, an harbe wasu daga cikin kyarketan. Abin da ya fi wannan muni kuwa ya zo ne ta hanyar da babu alƙalin da zai iya tare ta.

Makiyayan yankin suna hawa tudu da shanunsu a wasu watanni na shekara, kuma kowane gida yana da karnuka da ke tsaron dabbobi daga kuraye. Waɗannan karnuka suna yawo sakaka, suna haɗuwa da kyarketai a wurin mushe da mashaya. Cizo ɗaya ya isa, domin kyarketai dangi-dangi suke zama, suna taruwa safe da yamma suna lasar juna, ta haka ciwon haukan kare ke bin su ɗaya bayan ɗaya. A annobar 1991 zuwa 1992, kusan kashi uku cikin huɗu na waɗanda aka sani a kwarin Web da ke Bale sun mutu ko sun ɓace. Cutar ta sake dawowa a 2003, da 2008, da 2014, a tsakani kuma wata cutar karnuka mai kawo majina da farfaɗiya ta yi nata ta'adin.

A 1995 aka kafa shirin kare kyarkecin Habasha, wanda masanin dabbobi Claudio Sillero na jami'ar Oxford ya jagoranta tare da hukumar namun daji ta ƙasar. Abin da ya burge ni a aikinsu shi ne sun gane cewa hanyar ceton naman dajin ta ƙofar makiyayi ta bi. Ma'aikatansu, waɗanda yawancinsu 'yan yankin ne, suna bin gida-gida a kan dawaki suna yi wa dubban karnuka allurar rigakafi kowace shekara, kuma tun 2018 suna ajiye wa kyarketan nama mai ɗauke da maganin rigakafi a cikinsa. Makiyayin da ya riƙe karensa aka yi masa allura ya tsare 'ya'yansa da shanunsa ne tun kafin ya tsare kyarkeci.

A nan ne labarin ya taɓa mu. Haukan kare yana kashe mutum kusan 59,000 a duniya kowace shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kuma kusan duka daga cizon kare ne. Masana sun tabbatar cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan yanki allura, cutar tana yankewa. Tana kama shanu ma: saniya ta riƙa kuka ba ƙaƙƙautawa, yawu na dalala, ta kasa haɗiye ruwa, sai mai ita ya zaci wani abu ne ya maƙale mata a wuya ya zura hannu cikin bakinta. Ina roƙon ku don Allah kada ku yi haka. Ku ware ta daga garke ku kira likitan dabbobi.

Wanda kare ya ciza kuwa, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na tsawon minti 15, a kai shi asibiti a ranar domin a fara masa allura, kada a tsaya jiran alama, domin idan ta bayyana da wuya a tsira. Karen gida, da na farauta, da na kiwo, kowanne a kai shi rigakafi sau ɗaya a shekara, a kuma adana takardar shaidar da aka bayar.