Farashin Fetur da Yawan Shansa a Najeriya

Fetur shi ne man da aka fi sha a Najeriya, kuma farashinsa ne ke jan farashin kusan duk abin da ake ɗauka a mota. Tun daga 1973 har zuwa 2023, in ban da 'yan lokuta, gwamnatin tarayya ce ke yanka kuɗin lita, tana cike giɓin da ke tsakanin kuɗin da aka sayo man da wanda ake sayarwa a gidan mai. Wannan ciko shi ake kira tallafin mai.

Tarihin farashi

A 1973, shekarar da naira ta maye gurbin fam, gwamnatin Gowon ta ɗaga lita daga kobo 6 zuwa kobo 8.45. Ta kai kobo 15.3 a 1978, kobo 20 a 1982 zamanin Shagari. Babangida ya mayar da ita kobo 39.5 a 1986, ya bar ta a kobo 70. Ke nan shekara ashirin cur lita ba ta kai naira ɗaya ba.

A Nuwamban 1993 gwamnatin riƙon ƙwarya ta Shonekan ta cilla ta zuwa naira 5, aka shiga yajin aiki, kuma cikin kwanaki Abacha ya karɓi mulki ya sauko da ita zuwa naira 3.25. A 1994 shi ma ya kai ta naira 15, sannan ya dawo 11. Da rarar wannan ƙari aka kafa asusun PTF na ayyukan raya ƙasa, wanda Buhari ya shugabanta. Daga nan abin ya zama al'ada: gwamnati ta yi ƙari, ƙungiyar ƙwadago ta yi barazana ko ta rufe ƙasa, a rage wani abu, amma ba a komawa inda aka taso. Obasanjo ya tarar da naira 20 a 1999, ya tafi ya bar ta a 75 a 2007, 'Yar'adua ya mayar da ita 65.

Ranar 1 ga Janairun 2012 Jonathan ya cire tallafi, lita ta tashi zuwa naira 141. Bayan kusan mako biyu ana zanga-zanga a Legas da Kano da Kaduna da sauran birane, aka tsaya a kan 97. Buhari ya sa 145 a Mayun 2016. Sai ranar 29 ga Mayun 2023, Tinubu ya faɗa a jawabin rantsuwarsa cewa tallafi ya ƙare. Lita da ke ƙasa da naira 200 ta haura 500 a Abuja cikin kwana biyu, kuma kafin ƙarshen 2024 ta wuce naira 1,000.

Lita nawa ake sha?

Nan ne gizo ke saƙar. Kafin cire tallafi, alƙaluman hukuma na nuna fiye da lita miliyan 60 a kullum. Bayan cirewa suka faɗo ƙasa da miliyan 50. Abin lura shi ne, wannan lissafi na man da tankoki suka ɗauka daga ma'ajiya ne, ba na wanda ya shiga tankin mota ba. Tanka mai lita 33,000 da ta fito da takardar zuwa Zariya, an rubuta ta a matsayin man da aka sha, ko ta sauke a Kwangila da ke Zariyar ko ta zarce ta tsallaka iyaka. Muddin fetur ya fi arha a Najeriya fiye da Nijar da Benin da Kamaru, fasa-ƙwaurinsa riba ce tsagwaronta, shi ya sa a 2019 aka hana kai mai gidajen da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. A kan irin waɗannan alƙaluma aka biya fiye da naira tiriliyan 4 na tallafi a 2022 kaɗai.

Sai dai kuskure ne a ɗora dukan raguwar a kan 'yan fasa-ƙwauri. Wani kaso mai yawa na mutanen da suka daina saye ne don ba su da hali: malamin da ya jingine motarsa ya koma hawa bas daga Samaru zuwa Kongo a Zariya, da mai walda da ke kunna janareto sai in aiki ya zo hannu.

Zariya da matatar Kaduna

Tsakanin Zariya da birnin Kaduna, inda matatar mai take, tafiyar kilomita 80 ce da 'yan kai. An buɗe matatar a 1980, daga baya aka faɗaɗa ta ta iya tace ganga 110,000 a rana, kuma ita da ta Warri da biyu na Fatakwal sun haɗa ganga 445,000. Bututun da ke kai tataccen mai Kano ta Zariya ya bi. Duk da haka, shekaru da dama matatar ba ta aiki, man da ake sha a Zariya yana zuwa ne a bayan tanka daga kudu, tafiyar fiye da kilomita 800 in daga Legas ne. Wannan abin takaici ne ƙwarai, don an gina matatar ne musamman saboda Arewa ta huta da wannan jigila.

A da, akwai asusun daidaita farashi da aka kafa a 1975, wanda ke biyan kuɗin dakon mai don lita ta zama kuɗi ɗaya a Legas da Zariya da Maiduguri. A takarda haka yake. A ƙasa kuwa, duk lokacin da mai ya yi wuya, sai ka ga layi ya miƙe daga gidan mai a PZ ko Ƙofar Doka, direbobi sun kwana cikin motocinsu, can gefe kuma 'yan bumburutu sun jera galan-galan da mazurari suna sayarwa ninki. Bayan 2023 layukan sun ragu, amma nisa ya shiga cikin farashi kai tsaye, mazaunin Zariya yana biyan fiye da na Legas. Matatar Dangote mai ganga 650,000 a rana, wadda ta fara fitar da fetur a Satumban 2024, ta rage dogaro da shigo da mai daga waje, amma a Lekki ta jihar Legas take, bakin teku.

Masu amfani da shi

Ba masu motoci kaɗai ke shan fetur ba, kuma wannan ne ake yawan mantawa a muhawarar tallafi. Ɗan acaba da mai adaidaita sahu sai sun fara cire kuɗin mai da na balas kafin su san abin da za su kai gida. Rashin tsayayyiyar wutar lantarki ya sa mai aski da mai cajin waya da mai niƙa a Sabon Gari da Tudun Wada duk janareto ko inji suke tayarwa. Manomin rani a bakin kogin Galma kuwa, da fetur yake kunna injin ban ruwa, sau biyu ko uku a mako har tumatir ya nuna, kuma wasunsu tun bayan 2023 suka sauya injinansu su yi aiki da tukunyar gas ta girki.