Ba Apple ne ya fara kwamfutar gida ba

Mutane da dama na ɗauka Steve Jobs ne ya fara kawo ƙaramar kwamfuta. Ko kusa. An kafa Apple, kamfanin su Jobs ɗin, a 1976, alhali tun Janairun 1975 mujallar Popular Electronics ta buga hoton Altair 8800 a bangonta, na'urar wani ƙaramin kamfani mai suna MITS da ke Albuquerque, a jihar New Mexico ta Amurka.

Mai kamfanin, Ed Roberts, kalkuleta yake sayarwa, har manyan kamfanoni suka karya farashi suka bar shi cikin bashi. Sai ya haɗa Altair a kan Intel 8080, ɗan guntun da ke zama ƙwaƙwalwar kwamfutar, yana sayar da ita a warwatse, mai saye ya harhaɗa da kansa. Ba allo, ba madannai, sai makunnai da fitilu masu ƙyaftawa. Duk da haka oda ta yi ta kwarara.

Saboda wannan akwatin Bill Gates da Paul Allen suka rubuta nasu nau'in BASIC, wato harshen ba kwamfuta umarni, suka kafa Microsoft a Albuquerque ɗin. Ita ma Altair an riga ta: kwamfutar Micral ta Faransa ta fito tun 1973. Roberts kuwa ya sayar da MITS a 1977, daga baya ya zama likita a jihar Georgia ta Amurka.