Waiwaye: Yadda Kyamara Ta Koma Bayan Kafaɗa a Wasannin Tsoro

Tun da aka fitar da sabon Silent Hill 2 a watan Oktoban 2024, masu buga wasannin bidiyo na tsoro suka rabu biyu, kuma sanarwar da aka yi a 2025 cewa za a sake gina Silent Hill na farko ta ƙara wa gardamar zafi. Wasu na cewa an kyauta, tsohon labari ya samu sabuwar riga. Wasu kuwa sun dage cewa duk wasan da aka sabunta yanzu kamanninsa ɗaya: kyamara a maƙale bayan kafaɗar jarumi, bindiga a hannu, tocila a ƙirji. Yawancin masu wannan ƙorafi suna ɗora farkon abin a 2019, shekarar da sabon Resident Evil 2 ya fito. Maganar ta girmi haka da kusan shekara ashirin.

Farkon labarin sananne ne. Alone in the Dark ya fito a Faransa a 1992, Resident Evil na Shinji Mikami ya biyo baya a Japan a 1996, sai Silent Hill a 1999. Na'urorin lokacin ba su da ƙarfi, don haka masu ƙira suka yi dabara. A Resident Evil an zana ɗakunan tun da wuri, aka kafe kyamara a kusurwa guda, mai wasa yana jin nishin abu amma ba ya ganinsa. Ƙofar nan da ke buɗewa a hankali tana ɓoye lokacin da na'ura ke ɗauko ɗaki na gaba. Hazon Silent Hill kuwa yana rufe abin da PlayStation ba za ta iya zanawa daga nesa ba. Larura ce ta haifi salon, mutane suka saba da shi har suka ɗauke shi a matsayin tsoron kansa.

Wurin da ake yawan tsallakewa shi ne 2002. A shekarar ne Mikami ya koma kan wasansa na 1996 ya sake gina shi daga tushe domin na'urar GameCube. Bai taɓa kyamarar ba. Ya bar ta a kafe, ya bar tafiyar nan mai nauyi da sai ka juya jiki kafin ka yi gaba, ya bar tafireta da ƙyallen tawada waɗanda sai da su ake ajiye inda aka kai. Abin da ya sauya shi ne abin da tsohon ɗan wasa yake ganin ya haddace. A na 1996 akwai wani lungu da karnuka ke fasa taga su faɗo maka da zarar ka bi ta wurin. A na 2002 ka shigo kana jiran su, sai gilashin ya tsage kawai, shiru. Karnukan sai daga baya, lokacin da ka saki jiki.

Sai kuma batun gawa. A da in ka harbe gawa mai tafiya ta faɗi, an gama da ita. A sabon kuwa, in ba ka fasa mata kai ba ko ka ƙone ta, bayan wani lokaci za ta miƙe, ta yi ja, ta fito da farata, ta bi ka a guje. Ƙonawar na buƙatar kananzir da laita, kananzir ɗin ba shi da yawa a gidan da wasan ke gudana, gorarsa kuma tana cin gurbi a jakar kayan jaruman wasan, inda Chris ke da gurbi 6 kacal, Jill kuma 8. Saboda haka kowane harbi ya zama shawara: in kashe wannan yanzu in bar wa kaina masifa a hanyar da zan sake bi, ko in kauce masa in wuce? An kuma ƙara labarin Lisa Trevor, wadda harsashi ba ya kashe ta, da wani yanki na daji da bukka da babu su a na asali. A ganina har yau ba a yi sabuntawar da ta fahimci tushenta kamar wannan ba.

Sai dai cinikin bai kai yadda aka yi fata ba. Wasan ya fito a kan GameCube kaɗai, na'urar da duk tsawon rayuwarta aka sayar da miliyan 22 ko ƙasa da haka kaɗan, alhali PlayStation 2 ta haura miliyan 150. Ana iya karanta wannan sakamako ta fuska biyu: ko dai mutane sun gaji da tsohon salon, ko kuma wasan bai isa hannun masu son sa ba. Fassarar farko ce ta yi rinjaye a kasuwa. Mikami da kansa ya faɗa daga baya cewa yadda aka karɓi wasan na 2002 ne ya sa ya ƙara faɗa da harbi a Resident Evil 4. Wannan wasa ya fito a 2005 da kyamara bayan kafaɗa, ya yi kyau ƙwarai, ya kuma yi kasuwa. Gears of War na 2006 da Dead Space na 2008 duk sun bi sawunsa. Daga nan kafaffiyar kyamara ta zama tsohon yayi a manyan wasanni.

Abin mamaki, wannan wasa na 2002 ɗin ne dai ya sake buɗe ƙofa. A Janairun 2015 aka gyara hotonsa aka sake shi a kan kwamfuta da na'urorin PlayStation da Xbox, aka ƙara masa sabuwar hanyar sarrafawa ga wanda tsohuwar ta gundura. Cikin 'yan watanni ya haura kwafi miliyan ɗaya. Wasa ɗaya ne, kyamara ɗaya, babban abin da ya sauya shi ne yawan waɗanda za su iya saye. A watan Agustan shekarar furodusa Yoshiaki Hirabayashi ya sanar cewa za a sake gina Resident Evil 2.

To amma shekara goma ta wuce tun 2005, an samu matasa da yawa da ba su taɓa buga wasa da kafaffiyar kyamara ba, kuɗin yin babban wasa kuma ya ninka. Da sabon Resident Evil 2 ya fito a Janairun 2019, kyamarar na bayan kafaɗar jarumansa, Leon da Claire. Masu ƙirar sun san abin da suka rasa, sai suka neme shi ta wasu hanyoyi. Duhu ya karɓi aikin kusurwar kyamara, tocila ce ke nuna maka ɗan abin da ke gabanka. Gawawwakin suna tangaɗi, kansu yana kaucewa, harsashi yana ƙarewa. Ga ƙaton nan mai baƙar hula da ke yawo cikin ofishin 'yan sandan Raccoon City, kana jin takunsa a bene kafin ka gan shi. Ƙyallen tawada ma yana nan, amma a mataki mafi wuya kaɗai. Wasan ya haura kwafi miliyan 10, kuma wannan adadi ne ya zama ma'auni ga duk wanda ya biyo baya.

Sabon Resident Evil 3 ya zo a 2020, inda ƙorafin ya koma kan wuraren da aka yanke, irin su hasumiyar agogo. Sababbin Dead Space da Resident Evil 4 suka zo a 2023, su dama can bayan kafaɗa suke, don haka ba a yi hayaniya sosai ba. Silent Hill 2 na Bloober Team, kamfanin da ke birnin Kraków na Poland, shi ne ya sake tayar da tsohuwar tambayar, domin na 2001 kyamararsa ce ke zaɓa maka abin da za ka gani, na 2024 kuwa kai ne ke juya ta.

Tsohon salon bai mutu ba, ya dai koma hannun ƙananan masu ƙira waɗanda ba sa buƙatar miliyoyin masu saye kafin su mayar da kuɗinsu. Tormented Souls na 2021 ya dawo da kafaffiyar kyamara da ajiya mai iyaka, Signalis na 2022 ya ba mai wasa jaka mai gurbi 6, kuma a 2024 an sake sakin Resident Evil uku na farko a shagon GOG domin kwamfutocin zamani, da kyamararsu da ƙofofinsu yadda suke.