Renon 'yan gida a gasar NRL: Cleary, Bellamy da Bennett

A wasan zari-ruga na 'yan wasa 13, wanda ya fi ƙarfi a Ostareliya da arewacin Ingila, ɗan gida shi ne ɗan wasan da ya taso a hannun ƙungiya tun yana yaro har ya kai babbar tawaga. A jihar New South Wales matakan sanannu ne: Kofin Harold Matthews na 'yan ƙasa da shekara 17, Kofin SG Ball na 'yan ƙasa da 19, Kofin Jersey Flegg na 'yan ƙasa da 21, sai gasar 'yan jiran gado, sannan NRL, babbar gasar ƙwararru ta Ostareliya. Gasar ta ƙayyade jimillar albashin da kowace ƙungiya za ta biya, don haka matashin da ke taka rawar manya a kan ƙaramin albashi dukiya ne babba.

In ana maganar kociyoyin da suka iya renon 'yan gida, Ivan Cleary na Penrith Panthers shi ake fara ambata. Ya ci kofi sau huɗu a jere, daga 2021 zuwa 2024, da yaran yammacin Sydney irin su Jarome Luai da Brian To'o da Stephen Crichton da Nathan, ɗan Cleary kansa, haɗe da 'yan karkara kamar Isaah Yeo na Dubbo da Liam Martin na Temora. A 2022 Penrith ta haɗa kofin NRL da na 'yan jiran gado da Jersey Flegg da SG Ball a kaka ɗaya. Sai dai ba Cleary kaɗai ya haƙa wannan rijiya ba. Phil Gould, wanda ya riƙe harkar ƙwallon ƙungiyar daga 2011 zuwa 2019, shi ya shimfiɗa tsarin, kuma yankin cike yake da ƙananan ƙungiyoyin yara. Aikin Cleary na gaske ya bayyana ne lokacin da ƙa'idar albashi ta fara cin tawagar: Matt Burton da Viliame Kikau da Crichton suka koma ƙungiyar Canterbury, Koroisau ya tafi Wests Tigers, amma duk wanda aka ɗauko daga ƙasa ya zo ya san tsarin tsaron, saboda salo ɗaya ake koyarwa a kowane mataki.

Craig Bellamy, kocin Melbourne Storm tun 2003, gonarsa daban ce. Jihar Victoria, inda Melbourne take, ta karkata ga wani wasan ƙwallon na daban, har sai a 2012 aka sami Mahe Fonua, ɗan jihar na farko da ya taso a can ya buga wa Storm. Cameron Smith da Billy Slater da Cooper Cronk duk daga Queensland aka samo su, ta hannun ƙungiyar Norths Devils. In ƙirgen 'yan unguwa ake yi, Bellamy zai zo ƙarshe, kuma wannan rashin adalci ne, domin samari ya karɓa ya mayar da su zakaru. Sababbin 'yan wasansa sukan yi mako biyu suna aikin leburanci a farkon shirin kaka, ga atisaye a kai. Tabon da ke tarihin ƙungiyar shi ne ƙwace kofunan 2007 da 2009 da aka yi a 2010 saboda karya ƙa'idar albashi.

Wayne Bennett ya ci kofi shida da Brisbane Broncos tsakanin 1992 da 2006, yana dogara da idon Cyril Connell wajen zaƙulo yara a faɗin Queensland. Darren Lockyer na garin Roma shi ne misali: a 2004 Bennett ya cire shi daga lamba 1 (mai tsaron can baya), inda ya riga ya shahara, ya mayar da shi lamba 6 (mai tsara hari), kuma a wannan gurbin ya jagoranci Broncos suka ɗauki kofin 2006.

Inda reno ke lalacewa galibi wuri biyu ne. Ana jefa yaro cikin manya kafin kafaɗunsa su iya jure karo mako bayan mako, rauni ya biyo baya. Ko kuma a daɗe ana ajiye shi a benci bayan wani tsohon hannu, wakilinsa ya samo masa kwantiragi a wata ƙungiya, wahalar shekara biyar ta zama ribar abokan hamayya.