Murmurewa Bayan Tiyatar Sauya Gwiwa

Tiyatar sauya gwiwa aiki ne da likitan ƙashi ke yi wa gwiwar da guringuntsinta ya cinye, har ƙashi yana gogar ƙashi. Sunan yana ruɗar mutane, don ba a cire gwiwar ɗungurungum. Ana shafce bakin ƙashin cinya da na ƙauri ne, a kwafa musu ƙarfe, a sa faifan roba mai ƙarfi a tsakani ya tsaya a matsayin guringuntsi, galibi a liƙe su da wani siminti na musamman. Wani lokaci a kan liƙa wa bayan ƙoƙon gwiwa roba shi ma. Aikin kan ɗauki awa ɗaya zuwa biyu. Murmurewar kuwa takan ja watanni, kuma ba abin mamaki ba ne gwiwa ta ci gaba da samun sauƙi har bayan shekara guda.

Tun a 1890 wani likita a Jamus, Themistocles Gluck, ya gwada dasa gwiwar hauren giwa, amma ƙwayoyin cuta suka ɓata aikin. Samfurin da gwiwoyin yau suka gada ya fito ne a 1974 daga wani asibitin ƙashi a birnin New York, ta hannun John Insall da abokan aikinsa. Wani nazari da mujallar likitanci ta Lancet ta buga a 2019 ya nuna cewa kusan kashi 82 cikin 100 na cikakkun gwiwoyin da aka dasa suna kai shekara 25 ba a sake su ba. Ƙarfen dai yana da ƙarko. Inda ake fama shi ne naman da ke kewaye da shi.

Makonnin farko

Yawancin asibitoci suna tayar da majiyyaci tsaye a ranar tiyatar ko washegari, da abin dogarawa, a sallame shi cikin kwana ɗaya zuwa uku. Ba rashin tausayi ba ne: kwanciya tana sa jini ya daskare a jijiyoyin ƙafa, shi ya sa ma ake ba da maganin tsinka jini na kimanin mako biyu ko fiye. Ana cire ɗinki tsakanin kwana 10 zuwa 14. Mutane da yawa kan ajiye sanda a mako na huɗu zuwa na shida, su koma tuƙi wajen mako na shida idan likita ya amince.

Abin da ba a cika faɗa wa majiyyaci ba shi ne yadda tsokar gaban cinya ke rugujewa. Wata guda bayan aiki, ƙarfinta kan ragu da fiye da rabi. Ba ramewa kaɗai ke jawo haka ba. Kumburin cikin gaɓa yana sa laka da ƙwaƙwalwa su rage saƙon da suke aika wa tsokar, sai mutum ya kwanta, ya zuba wa ƙafarsa ido, ya yi nufin ɗaga ta daga kan gado, ita kuwa ko motsi. Wannan ne dalilin da likitan gashin ƙashi ke nacewa a kan atisayen da ake rainawa: a miƙe ƙafa, a danna bayan gwiwa a kan katifa, a ƙirga biyar, a saki. Cinyar da ba ta farfaɗo ba ita ce ke sa gwiwa ta riƙa sullewa a kan matakala.

Sanƙarewa

Ana auna motsin gwiwa da digiri. Sifili shi ne ƙafa a miƙe sambal. Tafiya a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa tana buƙatar lanƙwasawa ta kusan digiri 65, hawan matakala fiye da 80, tashi daga kujera ɗan fiye da 90, saukowa daga matakala kuma har kusan 100. Burin da aka saba sa wa gaba shi ne 110 zuwa 120. Cikakken tsuguno yana neman fiye da haka nesa, kuma ba kowace sabuwar gwiwa ke kaiwa can ba. Babban abin da ke nuna inda gwiwa za ta tsaya shi ne inda take kafin a yi aikin; wadda ta shekara goma a ƙage ba ta cika zama kamar ta yaro ba.

A nan lokaci yake da muhimmanci. Jiki yana ɗinke rauni da tabo, a waje da kuma cikin gaɓa. A makonnin farko tabon nan ɗanye ne, yana miƙuwa idan aka ja shi. Daga mako na shida zuwa na goma sha biyu yana ƙara tauri, kuma idan ya bushe a kan gwiwar da ba ta motsi, a haka zai riƙe ta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mutane sun fi damuwa da lanƙwasawa, alhali miƙewa ta fi wuyar dawowa idan ta kuɓuce. Gwiwar da ta rage digiri goma ta miƙe tana sa ɗingishi, tana gajiyar da cinya a kowane taku. Kuskuren da ya fi yawa shi ne cusa matashi a ƙarƙashin gwiwa da dare. Yana da daɗi ƙwarai, amma yana koya wa gaɓar zama a lanƙwashe. A ƙarƙashin dunduniya ake sa shi, a bar bayan gwiwa yana reto, nauyin ƙafar ya ja ta ƙasa. Minti goma na wannan zaman yakan yi wa majiyyaci kamar awa guda.

Wuce gona da iri shi ma illa ne. Wanda ya matsa wa gwiwa har ta kwana tana zogi, ta wayi gari a kumbure, ya mayar da kansa baya, domin gwiwar da ta cika da ruwa ba ta lanƙwasuwa. Atisaye kaɗan-kaɗan sau da yawa a rana ya fi dambe sau ɗaya. Ana haɗawa da ɗaga ƙafa sama da ƙirji, da ɗora ƙanƙara a naɗe cikin tawul na minti 15 zuwa 20, da shan maganin ciwo kafin atisaye, ba bayan an gama shan wuya ba. Akwai wata na'ura mai lanƙwasa ƙafa da kanta wadda aka daɗe ana amfani da ita, amma bitar da cibiyar Cochrane, mai tace sakamakon binciken lafiya, ta yi a 2014 ba ta ga wani amfanin a-zo-a-gani a tare da ita ba.

Idan an kai mako shida zuwa goma sha biyu gwiwa ba ta kai digiri 90 ba, likita kan ba da shawarar a sa majiyyaci barci, a lanƙwasa ta da hannu har tabon ciki ya yage. Ba a yanka. An fi samun nasara idan aka yi shi cikin wata uku na farko. Idan wannan lokaci ya wuce, sai a shiga da na'urar leƙa cikin gaɓa a yanke tabon, ko a sake aikin idan ƙarfen ne bai zauna daidai ba.

Ciwon da ya ƙi tafiya

Wasu abubuwa suna tayar da hankali alhali ba matsala ba ne. Gwiwa kan yi ɗumi da ɗan kumburi har wata shida ko fiye. Takan yi ƙas-ƙas idan ƙarfe ya taɓa roba. Fatar gefen waje na tabon kan mutu, ba a jin taɓawa, saboda wuƙa ta ratsa wata siririyar jijiya mai kai ji. Wurin yana raguwa da lokaci, ko da yake wasu ba ya komawa gaba ɗaya. Barci kan gagara na makonni. Durƙuso kuma yakan yi wa mutane da yawa wuya ko bayan sun warke.

Ciwon da ya zarce wata uku bayan tiyata shi ake ɗauka a matsayin daɗaɗɗe, kuma kusan mutum ɗaya cikin biyar yana fama da shi. Adadin ba kaɗan ba ne, don haka amsar "a dai yi haƙuri" ba ta wadatar. Yanayin ciwon yana nuna inda za a duba. Mai ƙuna, ko mai fizga kamar lantarki, ko jin tafiyar kiyashi, har zanen rufa ya gagara taɓa fatar, na jijiya ne, kuma bai cika jin maganin ciwo na yau da kullum ba. Magunguna irin su amitriptyline da gabapentin da duloxetine ake gwadawa. Na gaban gwiwa wanda ke tashi a kan matakala yakan fito daga ƙoƙon gwiwa ko raunin cinya. Wanda ke zuwa da takun farko bayan an daɗe lafiya lau yana iya nuna ƙarfe ya fara girgiɗi. Wanda ba ya lafawa ko ana kwance, tare da kumburi, sai an tabbatar ba ƙwayoyin cuta ba ne. Wani lokacin ma gwiwar ba ta da laifi: ƙugu ko gadon baya ne ke aiko da ciwon.

Saboda haka bincike kan haɗa da hoton ƙashi, da gwajin jini, da zuƙo ruwan gwiwa da allura idan ana zargin ƙwayoyin cuta, waɗanda ke kama kimanin kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na gwiwoyin da aka dasa. Sake tiyata ba tare da an gano musabbabin ciwo ba yawanci ba ya haifar da ɗa mai ido, kuma ƙwararrun likitoci suna guje masa.

An lura ciwon ya fi daɗewa ga wanda ya sha azaba mai tsanani kafin aiki, ko yake da ciwo a wasu gaɓɓai, ko yake fama da damuwa da fargaba. Wannan ba ya nufin ciwon ƙirƙira ne. Jijiyoyin da suka shekara suna kai saƙon ciwo ba sa yin shiru rana ɗaya, kuma rashin barci da fargaba suna ƙara musu kaifi. Magunguna masu ƙarfi dangin morphine suna da amfani a kwanakin farko, amma jan su tsawon watanni yana kawo sabo, ba ya kawo sauƙi. Tafiya, da keken motsa jiki, da ninƙaya bayan rauni ya rufe, da rage ƙiba sun fi su amfani. Gudu da tsalle-tsalle ne ba a so.

Alamun gaggawa

Zazzaɓi, ko rauni mai tsattsafo da ruwa ko mugunya, ko ja mai yaɗuwa, ko sha-raɓa ta kumbura tana ciwo, ko ƙafa ta kasa ɗaukar nauyi farat ɗaya, duk suna buƙatar ganin likita a ranar. Sarƙewar numfashi ko ciwon ƙirji kuwa yana iya nufin gudan jini ya tafi huhu, kuma wannan na sashen gaggawa ne nan take.