Abubakar Imam: marubucin yara kuma ɗan jarida

Wane ne Abubakar Imam?

An haife shi a Kagara, cikin Nijeriya, a 1911, ya yi karatu a Kwalejin Katsina, sannan ya koyar a makarantar Midil ta garin. Mu mutanen Maradi ba ma ɗaukarsa baƙo, domin daga nan zuwa inda ya fara riƙe alli hanya ce guda, ta Ɗan Issa da Jibiya. Ya rasu a Zariya a 1981.

Ta yaya ya shiga rubutu?

A 1933 Rupert East, wani Bature jami'in ilmi, ya shirya gasar ƙagaggun labarai da Hausa, Imam ya aika da Ruwan Bagaja, aka zaɓe shi cikin littattafai biyar da aka buga. Wansa Bello Kagara ma yana ciki da Ganɗoki.

Me ya sa ake lissafa shi cikin marubutan yara?

Saboda Magana Jari Ce, littafi uku da aka tsara domin ƴan makaranta, waɗanda suka fara fitowa a 1937. A littafi na farko aku ne ke riƙe ɗan sarki Musa da labari bayan labari don kada ya fita ya faɗa tarkon waziri. Da yawa daga cikin labaran daga littattafan Larabawa da na Turawa ya ɗauko su, amma ya ba su sarki da dogarai da kasuwa irin tamu, har yaro ba ya jin ƙamshin baƙunci. A ganina gwanintarsa ke nan. Na taɓa karanta wa ƴaƴan ƙanena labari ɗaya a kan tabarma bayan sallar isha'i, yaran da da Faransanci suke koyon karatu, sai ƙaramarsu ta karɓi littafin tana bin baƙaƙen da yatsa, tana mamakin cewa abin da ake faɗa a gidansu ma ana rubuta shi.

Aikin jaridar fa?

Shi ne editan Hausa na farko na Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Zariya a Janairun 1939. Ya buɗe wa masu karatu filin wasiƙu. A 1943 ya je Ingila cikin ayarin ƴan jaridun Afirka ta Yamma, kuma labarin wannan tafiya ne ya zama littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi.