Cutar IBD a jikin macijin kiwo: tambayoyi da amsoshi

Wace cuta ce wannan?

Likitocin dabbobi suna kiran ta IBD, gajeren sunanta na Turanci, Inclusion Body Disease, kuma tana kama boa da mesa, manyan macizai marasa dafi waɗanda mutane da yawa a Turai da Amurka ke kiwo cikin akwatunan gilashi. An fara lura da ita a Amurka tun shekarun 1970, amma sai a 2012 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko suka danganta ta da wani bairos na dangin da ake kira arenavirus.

Ta yaya mai maciji zai gane ta?

Sau da yawa amai ne ke fara bayyana, maciji ya haɗiyi ɓera, bayan kwana biyu ko uku ya dawo da shi. Daga nan sai rama, da saɓa da ba ta fita gaba ɗaya, da ruɓar baki. Alamar da ta fi tayar da hankali ita ce idan cutar ta taɓa ƙwaƙwalwa: macijin ya ɗaga kai sama ya ƙura wa rufin akwati ido na tsawon lokaci, ko kuma a kifar da shi rigingine ya kasa juyowa. Mesa takan mutu cikin makonni, alhali boa na iya ɗauke da cutar shekaru yana cin abincinsa lafiya lau, yana kuma yaɗa ta. Tabbaci sai da gwajin jini ko na PCR, wato gwajin da ke gano ƙwayoyin halittar bairos ɗin.

Akwai magani?

Babu magani, babu kuma allurar rigakafi. Abin da likita ke iya yi shi ne magance cututtukan da suka biyo baya, kamar ciwon huhu.

To, me ya kamata a yi da wanda ya kamu?

A nan ne hukunci ke da nauyi. Macijin da ya daina ci, ya kasa sarrafa jikinsa, a ganina barin sa da rai ƙarin azaba ce, kuma ya fi dacewa likita ya kawo ƙarshen wahalarsa da allura. Boa da bai nuna alama ba ana iya riƙe shi, da sharaɗin ya zauna a ɗaki dabam har ƙarshen rayuwarsa, da kwanonsa da kayan aikinsa, ba a sayar da shi, ba a haɗa shi barbara, domin uwa tana iya ba 'ya'yanta cutar.

Sauran macizan gidan fa?

A gwada su duka, a kuma kawar da ƙananan ƙwarin nan masu shan jini da ke laɓewa ƙarƙashin ɓawon fata, waɗanda ake zargi da ɗaukar cutar daga akwati zuwa akwati. Duk sabon maciji a killace shi aƙalla wata 3 zuwa 6 kafin ya kusanci sauran.